Dariyar Da Na Saida

Da sunan Allah mai rahama mai jinƙai.

Daga mahaifinka Umaru, nan Wurno, zuwa ga ɗana Bashiru. Assalamu alaikum wa rahamatullahi. Ina gaishe ka gaisuwar uba ga ɗa, ina roƙon Allah ya sa ka sauka Kano lafiya, ya tsare ka daga sharrin hanya da sharrin hawa da sauka, ya haɗa ka da mutanen kirki tun daga tasha.

Na sa wagga takarda cikin aljihun jakar kwamfutarka don na san nan ne hannunka zai fara zuwa. Da baki na so in faɗa maka, amma ka san halina. Shekaru na yi ina ba mutane dariya, har bakina ya manta yadda ake maganar gaske. In na fara, sai in ji na karkata zuwa wasa. Labarin gida ba ni ba ka, don jiya ka bar shi. Kurakuraina zan lissafa maka, tunda sana'ar da ta ci ni ita ka tafi nema.

Na farko, yadda na bar gaban kakanka, Malam Garba.

Lokacin da anka gama dam ɗin Goronyo anka fara sako ruwa cikin kanal, kakanka ya samu fili yana noman rani, albasa da ɗan alkama. Ni kuwa na dawo daga Sakkwato, inda na yi shekara biyu ina riƙe wa wani mai ɗaukar bidiyon biki da suna kyamara. Kaina ya cika da fim. Wata safiya ina ɗaure kayana bayan babur, ya fito da fartanya a kafaɗa ya ce, "Umaru, jibi ruwa ka zuwa layinmu. Ruwan kanal bai jiran mutum. Bari sai mun shayar ka tahi."

Na ce, "Baba, ni dai na gaji da warin albasa."

Ya dube ni, ya dubi hannuwansa, ya wuce. Ranar ruwa shi kaɗai ya shiga, tsoho ya haura sittin, yana buɗe bakin kwamin albasa ruwa ya shiga yana toshewa. Santsi ya kwashe shi a bakin kanal, ƙugu ya goce. Daga ranan har ya koma ga Allah da sanda yake tafiya.

Ban ce maka kuskure ne barin noma ba. Kowa da abin da Allah ya hore masa. Kwana biyu kawai ya roƙa, na hana, na kuma haɗa masa da baƙar magana. Warin da na ce na gaji da shi, shi ya yi mini riga, shi ya kai ni makaranta. In ka je birni za ka iske masu yi wa mutanen ƙauye dariya, kuma za su so ka taya su tunda kai ka san mu ciki da bai. Kada ka sayi zama cikinsu da mutuncin waɗanda sunka ciyar da kai.

Kafin in faɗi na biyu, sai na gaya maka ko wane ne Sahabi, don kana ƙarami ya daina zuwa gidanmu. Mutumin Taloka ne, mai saida albasa. Ran kasuwar Achida na fara ganinsa, ya hau kan buhu yana kwaikwayon dillali da mai saye da jakin da ya kawo kayan, shi kaɗai, mutane na riƙe ciki. Dogo ne siriri, in ya ɗaga gira ɗaya kawai sai ka yi dariya. Na jira kasuwa ta lafa na ce masa, "Malam, wanga abu da kaka yi kyauta, zo mu sa shi cikin kaset." Ya ce, "In dai ba ni barin albasata, mu je."

Haka munka fara. Ba mu da kamfani, ba mu da ubangida. Ni ke tsara labari, ni ke ba da umarni, ni ke ɗauka, ni ke tacewa. Injin bidiyo biyu nake haɗawa a wani shago da na kama a Goronyo, ɗaya na nunawa ɗaya na naɗewa, yatsana kan maɓalli. Nan na koyi abin da ban ji wani malami ya faɗa ba: dariya cikin ƙiftawar ido take zaune. In ka yanke hoto da wuri da numfashi ɗaya, ta mutu. In ka bari ya wuce da numfashi ɗaya, ta yi tsami. Gidajen kallo na Goronyo da Rabah da Wurno sunka fara neman kaset ɗinmu. Har na samu kwamfuta, aiki ya yi sauƙi, sai na fara jin ba abin da ba ni iya yi da hoton mutum. Nan na ɓata.

Akwai wani tsoho, ana ce masa Baba Maidamma. Gonarsu ta gado tana cikin waɗanda ruwan dam ya shanye. An ba shi wani wuri kan tudu, amma zuciyarsa ba ta taɓa tashi daga waccan ba. Da hantsi yakan zo bakin ruwa ya tsaya da sandarsa yana nuna tsakiyar dam. Ba mahaukaci ba ne, yana sallarsa cikin jam'i, yana cin kasuwarsa. Kewa ce kawai.

Wata rana muna ɗaukar wani abu daban a bakin ruwan, sai na juya kyamara kansa. Na gaishe shi, na ce, "Baba, mi kaka nunawa?"

Ya ji daɗi an tambaye shi. Ya ce, "Yaro, ka ga inda tsuntsun can ya sauka? Nan ne iyakata. Daga nan har gindin tsamiya. Can ubana ya koya min riƙon galma. Can kuma kushewar uwata take, ƙasan ruwan ga." Ya daɗe yana magana, har ya share ido da hannun riga. Da zan tafi ya sa mini albarka, ya ce ba wanda ya taɓa tsayawa ya saurare shi haka.

Na koma shago na kalli hoton. Sai Shaiɗan ya nuna mini abin da za a iya yi da shi. Na sa Sahabi ya sa kwat da hular ma'aikata, na ɗauke shi shi kaɗai yana jefa tambayoyin banza: "Tsoho, ina ka aje matarka?" "Ina kaka kwana?" "Ina za mu aza maka masai?" Ban gaya masa da wa zan haɗa ba. Bayan kowace tambaya sai in manna Baba Maidamma yana nuna tsakiyar ruwa yana cewa, "Nan ne iyakata." Maganar ubansa da kushewar uwarsa na yanke na yar. Inda ya share hawaye na bari, na sa masa ƙarar sarewa.

Da Sahabi ya gani bai yi dariya ba. Ya ce, "Umaru, wanga ba wasa ba ne. Ni in na yi wauta na san ina yi, an biya ni. Shi tsohon ga ya sani?"

Na ce, "Wa zai kai masa? Ko talabijin bai da ita."

Ya ce, "Cire shi."

Ban cire ba. Fim ɗin ya fita, kuma duk abin da na yi a rayuwata ba wanda ya kai shi karɓuwa. Cikin wata guda maganar ta shiga bakin kowa. 'Yan kabu-kabu in suna gardamar layi sai ɗaya ya buga ƙafa ya ce, "Nan ne iyakata!" a fashe da dariya. Ran kasuwa Baba Maidamma ya shigo da ɗan wakensa, sai wani ya gane shi ya yi ihu, nan take anka kewaye shi ana nuna ƙasa ana maimaitawa. An ce ya tsaya yana dubansu yana murmushi, don bai gane ba, har wani ya ja shi gidan kallo ya nuna masa. Daga ranan bai sake zuwa kasuwa ba. Ya daina zuwa bakin ruwa. A ƙarshe ko masallaci sai na ƙofar gida.

Bayan kamar shekara ɗaya wata mata ta yi sallama a shagona da rana tsaka. Ta ce, "Kai ne Umaru mai fim?" Na ce ni ne. Ta ce, "Ni ɗiyar Maidamma ce. Shekaranjiya munka kai shi makwancinsa. Ya bar saƙo a ba ka, shi ya sa na taho." Na tsaya ina jiran la'ana. Ta ce, "Ya ce in kana da sauran maganar da ya yi ranan, wadda ya faɗi inda kushewar uwarsa take, a ba jikokinsa su gani, don su san wurin."

Bashiru, na riga na naɗe wani biki a kan kaset ɗin. Ba sauran kome. Na faɗa mata. Ta gyara mayafinta ta ce, "To, Allah ya isar masa," ta fita.

Ga nasihata a nan, kuma in ka manta duk sauran ka riƙe ta. Mai tace hoto yana iya sa mutum ya faɗi abin da bai faɗa ba da bakinsa na kansa, kuma ba alƙalin da zai kama shi. Kada ka ɗauki kowa bai sani ba. In ya sani, ka gaya masa abin da za ka yi da hoton, ka nuna masa kafin ka saki. Ka yi wasa da mai ƙarfi, da mai kwaɗayi, da mai girman kai, ka yi wasa da kanka. Wanda duniya ta riga ta kayar, kada ka tara masa jama'a. Kafin ka saki kowane abu ka tambayi kanka: in mutumin nan yana zaune gefena, zai yi dariya tare da ni? In ba zai yi ba, ka goge, ko da shi ne zai kai sunanka Legas.

Na uku, abin da na yi wa Sahabi. Tun ranar da ya ce in cire, na riƙe shi a zuciya, don na san gaskiyarsa. Ga kuma wani ciwon: duk inda munka shiga shi ake yi wa ihu. Ni da na kwana biyu ina gyara daƙiƙa goma don dariyarsa ta faɗa daidai, ba mai sanina. A Rabah wani ya miƙo mini kyamarata ya ce, "Yaron Sahabi, ga kayanku." Na yi murmushi, amma maganar ta zauna mini kamar ƙaya.

Sai na fara ramawa da almakashin tace hoto. In ya yi wani abu mai kyau ƙwarai, in gajarta shi. Akwai wani wuri da ya fito a matsayin mai gadin kanal da barci ya ɗauke shi, ruwa ya tafi gonar surukinsa. Ni kaina da nake ɗauka sai da kyamara ta yi rawa a hannuna don dariya. Na cire shi ɗungum, na ce hoton bai fito ba. Na kawo wasu 'yan wasa na cusa, na rubuta sunana da manyan baƙaƙe a farkon fim da ƙarshensa.

Sahabi ba wawa ba ne, wawa yake fitowa. Wata rana bayan la'asar ya zo shago ya zauna ya ce, "Nuna min na mai gadin kanal." Na ce ya lalace. Ya ce, "Rantse." Na kasa rantsewa. Ya tashi ya kaɗe rigarsa ya ce, "Ni da na ɗauka ni da kai mutum ɗaya ne, kai ido ni baki. Ashe kai kishiyata ka ɗauke ni. Albasa ba ta yi min haka." Ya hau babur ɗinsa ya koma Taloka. Na yi fim shida bayansa. Ba wanda ya kai a kalle shi sau biyu. Sahabi yana nan da rai, in mun haɗu wurin jana'iza mukan gaisa, ya tambayi iyali, in tambayi gona, shi ke nan.

Ka sani tun yanzu, aikin darakta da na edita aikin bayan fage ne. In ka yi shi da kyau, wani za a ɗauka a kafaɗa. In zuciyarka ba ta iya ɗaukar haka, ka dawo gida tun da wuri. In Allah ya haɗa ka da mai baiwar da ta fi taka, ka gode, ka yi masa hidima da hannu biyu. Kuma wanda ya iya duban idonka ya ce maka cire, ka riƙe shi gam, irinsu ba su da yawa.

Na huɗu shi ne wanda alƙalami ke yi mini nauyi a kansa: mahaifiyarka Hajara, Allah ya jiƙan ta.

Mutane na ce mata, "Ke kam kin huta, gidanku kullum dariya." Sai ta yi murmushi kawai. Ita ta san in na shigo gida ba ni magana. In fim ya karɓu ina tunanin na gaba, in ya faɗi ina huci. Wata rana ta aje mini tuwo ta ce, "Malam, ka kai dariya kasuwa ka saida duka, ko ta ɗanɗano ba ka rago muna." Na ce ta bar ni da abin da ya dame ni.

Kana shekara bakwai ƙafafunta sunka fara kumbura, in ta ɗebo ruwa sai ta zauna tana haki. Ta ce in kai ta asibiti Sakkwato. Lokacin saura sati uku Salla, ina tace fim ɗin da nake fatan zai maido mini da sunana bayan tafiyar Sahabi. Na ce, "Bari Salla ta wuce." Na sayo mata magani a kemis. Ba ta sake tambaya ba. Ba mai maimaita roƙo ba ce. Salla ta wuce da kwana tara kafin mu tafi. Likita ya duba ta, ya kira ni gefe ya ce, "Ina kunka tsaya?" Ciwon zuciya ne. Na san ajali ba ya jira kuma ba ya gaggawa, na yi imani da haka. Amma na san kuma amsar tambayar likitan, kuma ba ta da daɗin faɗi.

A motar dawowa, wajen Achida, ta jingina da kafaɗata ta ce, "Fim ɗin ya karɓu kuwa?" Ba da gatse ta tambaya ba, so take ta ji. Na ce ya karɓu. Ƙarya na yi. Wata biyu bayan nan ta rasu.

Ba yanzu za ka yi aure ba, amma ranar na zuwa. Wagga sana'a ba ta ƙarewa, kullum akwai Salla a gaba, kullum akwai hoton da saura kaɗan. In wanda ke ƙarƙashinka ya ce ba shi da lafiya, kashe kwamfuta ka tashi a lokacin. Kuma abin da ka iya ba baƙi, ka fara ba na gida. Yayarka Rabi ita ta riƙe ka bayan uwarku. Ka riƙa kiranta, kada ka jira sai kana da labari mai daɗi.

Na biyar gajere ne. Duk asalin finafinaina cikin akwatin ƙarfe ɗaya na tara su, a ƙasan tebur, a shagon Goronyo. Sau da yawa na ce zan kwafe su in kawo Wurno, ban yi ba. Shekarar da ruwa ya yi ambaliya ya ci garuruwan bakin gulbi, shagon ya kwana huɗu cikin ruwa. Da na buɗe akwatin laka ce da zaren kaset a cukurkuɗe. Aikin shekara goma sha wani abu. Ban ko yi kuka ba, don maƙwabtana gidaje da rumbuna sunka rasa, da wane ido zan yi kukan kaset? Abin da ya tsira shi ne wanda ba ni so: wani ya kwafi guntun Baba Maidamma ya sa a waya, yana nan yana yawo har yau, ba sunana a kai, ba yadda zan kira shi ya dawo. Ka aje aikinka wuri uku, ɗaya a garin da ba ka zaune. Kuma ka yi kowane aiki da sanin cewa mai yiwuwa shi kaɗai zai rage bayanka, don ba kai ke zaɓa ba.

Saura abu ɗaya, kuma wannan kuskuren bai kai sati biyu ba.

Ranar da ka kawo mini wayarka a zaure ka nuna mini ɗan wasan da ka haɗa, na liman da na'ibinsa da ke rigimar wa zai riƙe lasifika, ka tsaya kana duban fuskata. Na kalla har ƙarshe na miƙa maka na ce, "Ba laifi." Na ga yadda kafaɗunka sunka sauka. Ka ce, "To, Baba," ka fita.

Da ka fita na zaga bayan gida wajen turken awaki, na yi dariya har tari ya sarƙe ni, har Rabi ta leƙo ta ce ko lafiya. Wurin da na'ibi ya buɗe baki ka yanke kafin ya yi magana, ka koma kan fuskar liman, ni ban taɓa yin yanka mai kyau kamarsa ba. A shekarunka ban kai rabinka ba. Abin da ya riƙe mini baki, tsoro ne na ganin ka kama hanyar da na bi, da kuma ƙyashi, wani abu ƙarami mai muni da na ɗauka ya mutu a cikina, ashe yana nan, har ga ɗan cikina. Na nemi gafarar Allah, yanzu ina neman taka. Ka iya, Bashiru. Ka ji daga bakin ubanka, don kada ka je kana roƙon jin ta a bakin waɗanda ba su ƙaunarka.

Ka riƙe salla a kan lokacinta ko ana tsakiyar ɗauka. Ka ci abinci. Ka kula da idanunka, ka ga yadda nawa sunka koma. Na yafe maka duniya da lahira, ban riƙe ka da kome ba.

Allah ya tsare gabanka da bayanka, ya tsare harshenka da hannunka daga cutar da bawansa. Allah ya ba ka abokai masu gaya maka gaskiya, ya sa albarka cikin abin da za ka samu, ya kare ka daga sharrin yabo da sharrin zagi. Allah ya jiƙan mahaifiyarka da kakanka da Baba Maidamma. In da rabon mu sake ganawa, Allah ya maido ka lafiya. In babu, ka sa ni cikin addu'a.

Wassalamu alaikum.

Mahaifinka,
Umaru